Filin Masu Sana'a: Wace Kata Ta Dace da Mai Aikin Famfo?

Assalamu alaikum. Da hunturu ya kama a Zariya, wayar mai aikin famfo ba ta hutawa. Wannan hitarsa ta daina zafi, wancan yana so a ja ruwan zafi zuwa banɗakin tsohuwarsa kafin sanyin Janairu ya tsananta. Wasiƙun da suka taru a wannan fili ma can suka karkata, kuma da yawansu a kan kata suke, abin nan na yanka bututu. Na haɗa su wuri ɗaya, na ɗan rage tsawon wasu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa da fatan alheri. Na gama koyon aikin famfo a hannun maigidana, an yaye ni, yanzu ina harhaɗa kayan aikina. Na shiga kasuwar Sabon Gari na ga kata iri-iri, manya da ƙanana, masu tsada da masu araha, har kaina ya ɗaure. Kuɗina ba su da yawa. Wacce kai ka fi so, kuma wacce zan fara saya? Daga wani matashi a Samaru.

AMSA: Allah ya sanya albarka a wannan yaye, ɗana, ya saka wa maigidanka da alheri. Tunda wadda na fi so ka tambaya, ga ta nan ba kwana-kwana. Matsakaiciya ce mai mamurɗi a gindi, faifan yanka ɗaya a gefe guda, 'yan tayoyi biyu a ɗaya gefen da bututu ke kwanciya a kansu. Tawa Ridgid ce mai lamba 15, tana cin bututu daga milimita 5 zuwa 28. Kamfanin na Amurka ne, an kafa shi a jihar Ohio a 1923, kuma kayan masu famfo ya sa a gaba tun farko. Jamusawa ma suna da tasu, Rothenberger, akwai mai cin milimita 6 zuwa 35. Na riƙe ta a hannun abokan aiki, ban ga abin kushewa ba. Abin da ya sa na manne wa tawa, hannu ne ke jin sa. Jikinta ba ya ba da kai in ka matsa, mamurɗinta na tafiya sumul ba ya cijewa, in kuma faifan ya dakushe kusa ɗaya zan zare in sa sabo. A bayanta akwai 'yar wuƙa da ake buɗewa a kankare cikin bakin bututu bayan an yanke.

Amma kafin ka sa hannu a aljihu, dubi aikin da zai riƙa zuwa maka. Sababbin gidajen da nake shiga a Hanwa da Palladan da Ɗanmagaji, kusan duka PPR ne, wato koren bututun roba da ake haɗawa da zafi, a layin ruwan sanyi da na zafi, PVC kuma a magudana. Kofa, wato bututun jan ƙarfe, sai wajen esi da firij, da layin gas na kicin, da wasu otal-otal da asibitoci da tsofaffin gine-gine. Don haka in kuɗinka na abu ɗaya ne tak, fara da almakashin PPR, irin mai haƙora a hannu da bakinsa ke matsowa taki-taki, mai cin har milimita 42. Shi ne zai fi zama a hannunka kullum. In Allah ya kawo wani aikin kuɗi suka shigo, sai matsakaiciyar kata. Ƙaramar ta lungu ita ce ta uku.

Ga abin da na fi so ka riƙe daga duk amsar nan. A kasuwa akwai jabu da aka buga wa manyan sunaye, akwai kuma masu sauƙin kuɗi irin su Ingco da Total da Tolsen, waɗanda yara da dama suka fara sana'a da su. Ban hana ka sayen mai araha ba, saye ba gwaji na hana ka. Ka tafi da guntun kofa a aljihunka, ko da tsawon yatsa ne. In mai shago ya miƙo maka kata, murɗa ta har faifan ya kusanci tayoyin, ka ɗaga ta sama wajen haske. Faifan ya tsaya ƙyam a tsakiyar tayoyin biyu, kada ya karkata. Taɓa shi da babban yatsa: ya juya cikin sauƙi, amma kada ya yi rawa hagu da dama. Tayoyin su ma su juya. Buɗe mamurɗin har ƙarshe ka sake rufewa, ka ji ko akwai inda yake maƙalewa. Sannan ka sa guntun kofarka, ka matsa kaɗan har faifan ya taɓa jikinta kawai, ka zagaya sau ɗaya. Layin da ya zana dole ya dawo ya haɗu da mafarinsa. In ya kauce ya fara layi na biyu a gefe, ajiye masa kayansa ka yi gaba, ko sunan wa aka buga a jiki. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai hana ka wannan gwajin ba.

Tambaya ta ƙarshe da za ka yi masa ita ce, "Kana da faifanta?" In babu shi a Zariya, babu a Sabon Garin Kano ko Ƙofar Ruwa, to ranar da faifan ya dakushe ranar katar ta mutu, ko jikinta na ƙyalli. In akwai, sayi biyu nan take ka jefa a jaka. Wasu samfuran ma suna ɓoye faifan ko-ta-kwana a cikin mamurɗin, ka kwance murfin ka duba.

TAMBAYA: Maigida, ni gyaran esi da firij nake yi a wajen PZ. Tun da na fara da zarto nake yanka kofa kuma yana yi mini. Amma kwanan nan esi biyu da na haɗa, gas ya tsiyaye ta wajen noti kafin wata ya zagayo. Wani abokina ya ce zarton ne ya ja. Gaskiya ne?

AMSA: Abokinka ya faɗa maka gaskiya, ƙanena, ko da yake zarton na iya samun abokan laifi. A aikinku ban yarda da zarto ba ko kaɗan, kuma dalilina biyu ne.

Na farko, bakin da kake buɗawa kafin ka ɗaura noti, a kan digiri 45 yake zama, kuma ba ya fita daidai sai in an yanke bututun a miƙe ɗoɗar. Hannu da zarto da wuya su ba ka haka a kan kofa mai laushi. Da yankan ya karkace, gefe ɗaya na bakin zai yi tsawo ɗaya ya gajarce, noti ya danne wani wuri ya bar wani. A zamanin gas R22 akan tsira da irin wannan. Esin yanzu R410A ko R32 suke sha, kuma ƙarfin matsinsu ya ɗara na R22 da kusan rabi ko fiye. 'Yar kafar da ido ba ya gani ta ishe shi hanya, a hankali a hankali har mai gida ya kira ka ya ce ɗaki ya daina sanyi.

Na biyu shi ne garin ƙarfen da zarto ke zubarwa a cikin bututu. Siririn bututun nan na bayan firij, raminsa galibi bai kai milimita 1 ba. Ɓurɓushi kaɗan ya isa ya toshe shi, wanda ya wuce kuma kwamfureso zai tafi. Kata ba ta fitar da gari, matse ƙarfen take yi har ya rabu.

Bututunku kwata ne, da 3/8, da rabin inci, da 5/8, wato daga milimita 6.35 zuwa 15.88 a kauri na waje. Ƙaramar kata ta ishe ka. Ridgid na da mai lamba 103 da ke cin milimita 3 zuwa 16, na kamfanin Imperial ma sanannu ne a wajen masu esi. Sai dai sayen katar bai gama magana ba, saura hannu. Kofarku a naɗe take zuwa, don haka miƙar da inda za ka yanka tukuna. Matsa faifan kaɗan, zagaya, ƙara kwatan murɗi ko ƙasa da haka, sake zagayawa. Mai gaggawa yakan murɗe da ƙarfi don ya gama a zagaye uku, sai bakin bututun ya koma siffar ƙwai, leɓe mai kauri kuma ya lanƙwashe ciki. Wannan leɓen in ka buɗa baki a kansa, tsagewa yake yi ko ya bar tudu a inda ya kamata ya yi santsi. Bayan yanka, juya bakin bututun ƙasa kafin ka kankare shi, don abin da ya fita ya faɗo waje. Kada kuma ka kankare har gefen ya yi siriri.

Ka duba tayoyin katarka, a yawancinsu za ka ga ɗan kwarmi da aka zagaye su da shi. An yi shi ne don in bakin da ka buɗa ya lalace, ka kwantar da shi a kwarmin ka yanke shi kaɗai, ba sai ka yi asarar tsawon bututu ba. Masu aiki da yawa suna riƙe da kata ba su san amfanin wurin ba.

Abokan laifin da na ce: ɗaure noti fiye da kima yana tsaga bakin, rashin ɗaure shi sosai kuma yana barin kafa. Ƙurar hunturu ma ba ta da kyau a cikin layi, saboda haka toshe bakin bututu da salatif muddin ba yanzu za ka haɗa ba. Don Allah kuma kada ka taɓa sa kata a layin da gas ke ciki. R32 yana kamawa da wuta.

TAMBAYA: Malam, katata ta fara wani hali. Maimakon ta yanka, sai ta riƙa zana zare tana tafiya a jikin bututun kamar ana yin tiredi. Ta mutu ke nan? Daga Wusasa.

AMSA: Ba lallai ba ne, ɗan'uwa. Zare kusar faifan ka duba. In ta cinye, ko faifan ya ɓantare a baki, canza su. Wanke tayoyin da zaren mamurɗin da kalanzir da tsohon buroshin goge baki, domin ƙura da datti na hana taya ɗaya juyawa, da haka kuma katar ke kaucewa. Ɗiga man inji kaɗan a kusoshin. In za ka fara yanka, kada ka matsa da ƙarfi, ɗan yi gaba da baya har faifan ya kafa hanyarsa kafin ka zagaya gaba ɗaya. In ka yi duk wannan ba ta daina ba, musamman in ta taɓa faɗowa daga kan tsani, to jikinta ne ya goce, kuma wannan ba ya gyaruwa. Ka tuna ka goge mai daga jikin kofa kafin ka kai mata wuta, dalma ba ta kama wuri mai maiƙo.

TAMBAYA: Malam, ni uwargida ce, ban san komai a aikinku ba. An sa mana hita saboda yara da sanyin asuba. Na ga mai aikin yana yanka koren bututun da zarto, yana ɗumama shi a wani inji yana haɗawa. Tun da ya tafi ruwan zafin siriri yake zuwa, na sanyi kuwa lafiya lau. Laifin yankan ne ko hitar ce ba ta da kyau? Daga Tudun Wada.

AMSA: Hajiya, kin yi kyakkyawar lura, kuma ina jin daɗin masu gida da ke tsayawa su ga abin da ake yi musu. Kafin a ɗora wa kowa laifi, ga abin da za a fara yi, ba ya cin ko kwabo. A kwance kan shawa da 'yar ragar da ke bakin famfo a wanke su. Zarto na zubar da ɓurɓushin roba a cikin bututu, ruwa kuma ya kwaso shi ya tara a waɗannan wuraren. Sau da yawa a nan matsalar ke ƙarewa. A kuma duba ɗan makunnin ruwan da ke ƙarƙashin hitar ko an buɗe shi duka.

In an yi haka ruwan bai ƙaru ba, hankalina zai koma kan mahaɗan. Wannan koren bututun shi ne PPR, kuma injin da kika gani yana narka shi ne a zafin digiri 260. Mai kaurin milimita 20 daƙiƙa 5 yake so a kan injin, mai 25 kuma daƙiƙa 7. In an bar shi ya wuce haka, ko an tura shi ciki da ƙarfi fiye da iyakarsa, ko bakin ya karkace tun wajen yanka, narkakkiyar robar sai ta taru a ciki ta rage hanyar ruwa. Daga waje mahaɗin zai yi kyau, ba ya ɗiga, amma cikinsa ya kusa toshewa. Ba a gane wannan sai an yanke mahaɗin an leƙa. Ki sa maigida ya kira mai aikin cikin mutunci ya dawo ya duba na kusa da hitar tukuna. Yanka PPR da zarto ba ya ɓata aiki in an yanka a miƙe an kuma share bakin tas, sai dai almakashi ya fi tsabta da sauri, shi ya sa nake son ganin sa a jakar kowane mai aiki.

Tunda zai dawo, a tambaye shi abu biyu. Bututun da ya sa a layin zafi, an rubuta PN20 ko sama da haka a jikinsa? Shi ne mai jure ruwan zafi. Sannan ɗan bawul ɗin kariya da ke zuwa tare da hita, wanda ke ɗigar da ruwa in matsi ya yi yawa, yana nan kuma ba a toshe shi ba? Wasu sukan toshe shi wai don yana jiƙa bango, kuma wannan ganganci ne da rayukan mutanen gida. Kafin kowa ya taɓa hitar a kashe wutarta daga makunni, a bar ruwan ya huce.

TAMBAYA: Oga, ina kwangilar ƙananan gine-gine a Kongo da GRA. Na ga wata kata a intanet, zagayayya ce ba mamurɗi, maƙala ta kawai ake yi a juya. Na kuma ga mai batir. In sayo wa yarana su? Bututun da ke manne da bango na ba su wahala.

AMSA: Alhaji, zagayayyar tana da daɗin aiki, ba na musu. Sifirin ne a cikinta, wato ɗan ƙarfen nan mai dannuwa ya dawo, ke matsa faifan da kansa, kai dai ka juya ta ta inda kibiya ta nuna, kuma tana shiga inda yatsu kaɗai ke shiga. Matsalarta a wurinmu ita ce kowace ɗaya kauri ɗaya take ci. Waɗanda aka yi don Ingila na milimita 15 ne da 22, su ne ma'aunin gidajensu. Mu kuwa kasuwarmu gauraye take, wani bututun da milimita aka auna shi, wani da inci. Kofar layin ruwa da Amurkawa ke kira rabin inci, kaurinta na waje 5/8 ne, milimita 15.88, ta ɗara ta Ingila da kusan milimita ɗaya. Wannan ɗan bambancin ya isa ya hana katar zama daidai. Ba a kuma yi ta don kofar esi mai laushi ba. In ka tabbata aikin da ke gabanka duk da kofa mai milimita 15 za a yi shi, saya, yaranka za su gode maka. In ba haka ba, ƙaramar mai mamurɗi ta fi, irin Ridgid 101 da ke cin milimita 6 zuwa 28. Tana gajiyar da yatsu, amma duk bututun da ta tarar a lungu za ta daidaita da shi. Akwai kuma mai ɗan hannu da ake ja gaba da baya, ga wurin da ba a iya zagayawa.

Mai batir, irin ta Milwaukee, an yi ta ne don wanda zai wuni yana yanka kofa a babban gini. A aikin gida mai banɗaki uku ko huɗu ban ga abin da za ta ƙara maka ba, ga tsada, ga neman wutar caji, ga wahalar samun kayan gyaranta. Da ni ne, kuɗin zan raba in saya wa kowane yaro almakashinsa da ƙaramar katarsa, kowa ya san tasa ya kula da ita.

Wani abu game da PVC, tunda yaranka na gyara a tsofaffin gidaje: wanda ya daɗe a rana yakan bushe ya yi gautsi, in aka matse shi da almakashi sai ya tsage ya bi tsawo. A irinsa zarto mai ƙananan haƙora ya fi aminci.

TAMBAYA: Baba, gidanmu na gado ne a cikin Birni, kusa da Ƙofar Doka. Fayif ɗin ƙarfe ne tun na da, ya yi tsatsa, muna so mu yanke wani sashe mu sa sabo. Katar kofa da nake da ita za ta iya?

AMSA: Kada ka gwada, ɗana, faifan zai ɓantare tun ba ka je ko'ina ba. Fayif ɗin ƙarfe na da tasa katar, babba mai nauyi da dogon hannu, mai cin har inci 2, kuma tana son a damƙe fayif ɗin a kan benci a riƙa zuba mai. Ga wanda ke jikin bango, zarto ne abokin aikinka. Nemi baki mai haƙora 24 a kowane inci, mai 32 kuma na bututu marar kauri ne. Giranda ta fi sauri, amma tana watsa tartsatsi, kuma a gidajen cikin gari inda kicin da tukunyar gas da kayan ɗaki ke kusa da juna ba na son ta. Shi ma ƙarfen nan fari da ba ya tsatsa yana da nasa faifan daban, kuma ba a yanka baƙin ƙarfe da shi, domin ɓurɓushin da zai ɗauko ya bari a bakin yankan shi ne zai fara tsatsa.

Kafin ka yanke, bi fayif ɗin da ido har inda yake da mahaɗi mai tiredi. In za ka iya kwancewa daga can, ya fi maka sauƙi a kan yanka a tsakiya, domin in ka yanka sai ka sake fitar da sabon tiredi, tsohon ƙarfen da tsatsa ta cinye kuwa ba kullum yake ɗauka ba. Daga mahaɗin sai ka ɗaura soket na PPR mai tiredin tagulla ka ci gaba da sabon layi. In kuwa kofa za ka sa, kada ka haɗa ta kai tsaye da tsohon ƙarfen. In suka haɗu ruwa na ratsa su, ƙarfen ne ke cinyewa a daidai mahaɗin, sai ka sa tagulla ko roba a tsakaninsu. Ka kuma rufe ruwan daga tanki ka buɗe famfon da ya fi kowanne ƙasa a gidan ya tsiyaye tukuna, musamman in katangar ta ƙasa ce.